Wuni Guda a Filin Lord's: Tarihin Ziyarar Matan Ostareliya Zuwa Ingila a 1976

Yau tarihin da za mu duba ya faru ne a birnin Landan, ranar Laraba 4 ga watan Agusta na shekarar 1976. A ranar ne mata suka taka filin wasan kurket na Lord's a karon farko, bayan filin ya shekara 162 a wurin ba a taɓa barin mace ta yi wasa a cikinsa ba. Yawancinmu ƙwallon ƙafa muka sani, sai dambe da kokawa, amma labarin ya cancanci a saurare shi ko ga wanda bai taɓa ganin kurket ba, domin yana nuna tazarar da ke tsakanin a karɓi mutum baƙunci na wuni ɗaya da a ɗauke shi ɗan gida. Matan nan sun yi shekara 50 kafin su sami na farko, suka ƙara shekara 22 kafin su sami na biyu.

Yadda wasan yake

Kafin mu shiga labarin, ya kamata a san wasan a taƙaice. Kowane ɓangare mutum 11 ne. A tsakiyar fili akwai wata doguwar farfajiya, an kafa turaku uku a kowane ƙarshenta. Ɓangare ɗaya yana jifa da ƙwallo mai tauri, ɗayan yana kare turakun da faffaɗar sanda. Idan mai bugu ya doki ƙwallon, sai shi da abokinsa su ruga su yi musayar wuri, kowace musaya maki ɗaya. In ƙwallon ya gangara har iyakar fili maki huɗu ne, in ya tsallake ta sama maki shida. Ana fitar da mai bugu idan jifa ya kayar da turakunsa, ko aka cafe ƙwallon da ya buga kafin ya taɓa ƙasa, ko aka riga shi isa turaku yana cikin gudu. In an fitar da mutum goma, sai a juya, masu jifa su koma bugu. Jifa shida a jere shi ne zubi ɗaya.

Wasan ƙasa da ƙasa a wancan zamani iri biyu ne. Akwai dogon wasa, wanda suke kira Tes, da mata kan yi cikin kwana uku ko huɗu, kuma yana iya ƙarewa babu wanda ya ci idan lokaci ya ƙure. Akwai kuma wasan wuni ɗaya, inda ake ƙayyade wa kowane ɓangare adadin zubi, a tashi da yamma an san gwani. Idan wata ƙasa ta kai wa wata ziyara, akan jera wasanni da yawa a garuruwa daban-daban, a ƙarshe a ƙirga wanda ya fi ci.

Gidan da ba a shiga

Filin Lord's yana unguwar St John's Wood a arewa maso yammacin Landan. Sunan na wani mutum ne, Thomas Lord, wanda ya kafa shi, kuma filin yana inda yake yanzu tun 1814. Masu shi su ne ƙungiyar Marylebone, wadda aka fi sani da MCC, da aka kafa a 1787. Wannan ƙungiya ita ce mai riƙon dokokin kurket na duniya har yau. Saboda haka Lord's ya wuce filin wasa a idon ma'abota kurket, matsayinsa matsayin fada ne, kuma ɗan wasan da bai taɓa bugu a can ba yakan ji akwai sauran abin da ya rage masa.

Ƙa'idar MCC a wancan lokaci ita ce namiji kaɗai ke zama memba. A gefen filin akwai tsohon ginin membobi, inda ɗakunan sauya tufafi suke, da dogon zauren da 'yan wasa ke ratsawa su fita fili. A wancan zamani mace ba ta shiga wannan gini a zauna da ita lokacin wasa, sai Sarauniyar Ingila kaɗai aka keɓe. Matar memba ma a waje take zama.

Shekara hamsin ta aikin sa kai

Mata a Ingila sun daɗe suna kurket. Wasa mafi tsufa da aka rubuta labarinsa an yi shi ne ranar 26 ga Yuli 1745, tsakanin 'yan matan ƙauyukan Bramley da Hambledon, kusa da garin Guildford, wato tun kafin a kafa MCC da shekara 42. Amma wasan ƙauye ne, babu tsari, babu mai kula. Tsari ya zo ne a 1926, lokacin da wasu mata, da yawansu malaman makaranta kuma 'yan wasan hoki, suka yi hutu a ƙauyen Colwall suna buga kurket, suka yanke shawarar kafa Ƙungiyar Kurket ta Mata, wadda ake taƙaita sunanta da WCA. Ɗaya daga cikinsu, Marjorie Pollard, ta fara fitar da mujallar wasan a 1930, ta yi shekaru tana rubuta sakamakon kowane wasa da sunan kowace 'yar wasa.

Wannan ƙungiya ba ta da fili nata, ba ta da albashin da za ta biya kowa. Da kuɗin rajistar membobi da gudummawa take tafiya. Duk da haka, a ƙarshen 1934 ta tura tawaga zuwa Ostareliya ta jirgin ruwa, tafiyar kusan wata guda, kuma kowace 'yar wasa ita ta biya kuɗin jirginta. Betty Archdale ce shugabar tawagar. A Brisbane, cikin Disamba 1934, aka yi dogon wasan mata na farko a tarihi, Ingila ta ci. A wasan ne Myrtle Maclagan ta fitar da mutum bakwai, maki 10 kacal aka samu a kan jifanta, sannan a wasa na biyu a Sydney ta buga maki 119, mace ta farko da ta haura ɗari a irin wannan wasa.

Daga nan ziyara ta ci gaba tsakanin ƙasashen biyu. Manyan filayen Ingila da yawa sun buɗe wa mata ƙofa, har da Oval da ke cikin Landan ɗin. Lord's kuwa ya ƙi. Tun farkon shekarunta WCA take rubuta wa MCC takardar neman aron filin, amsa kuwa ba ta canzawa.

Kofin duniya da ya riga na maza

A cikin shekarun 1960 aka sami wata 'yar wasa daga Wolverhampton mai suna Rachael Heyhoe, wadda bayan aure ta zama Rachael Heyhoe Flint. Malamar motsa jiki ce da ta koma aikin jarida, mai iya magana da iya neman taimako. Ita ce mace ta farko da ta buga shida a dogon wasa, a Oval a 1963, kuma ta zama shugabar tawagar Ingila a 1966. Ita da wani attajiri ɗan garinsu, Jack Hayward, suka ƙulla shawarar gasar kofin duniya ta wasan wuni ɗaya. Hayward ya ba da fam 40,000.

An yi gasar a Ingila a 1973, shekara biyu kafin maza su yi tasu ta farko a 1975. Tawaga bakwai suka shiga: Ingila, Ostareliya, Niyu Zilan, Jamaika, Tirinidad da Tobago, sai tawagar matasan Ingila da wata tawagar haɗin gambiza ta ƙasashe. Wasan da ya raba gardama an yi shi ranar 28 ga Yuli tsakanin Ingila da Ostareliya. Ingila ta ci da ratar maki 92, Gimbiya Anne ta miƙa wa Heyhoe Flint kofi. Amma a filin Edgbaston na Birmingham aka yi wasan, domin ba a ba su Lord's ba.

Tauraruwar wannan rana ita ce Enid Bakewell, wadda ta buga maki 118. 'Yar mai haƙar kwal ce daga ƙauyen Newstead a yankin Nottingham, matar aure mai 'ya'ya. A ziyarar Ostareliya da Niyu Zilan ta 1968 zuwa 1969 ta tara maki fiye da 1,000, ta kuma fitar da mutum fiye da 100. Irin wannan bajinta da namiji ne ya yi ta, da tuni hotonsa yana rataye a zauren Lord's.

Ziyarar 1976

A 1976 WCA ta cika shekara 50, sai ta gayyaci Ostareliya domin bikin. Baƙin suka zo ƙarƙashin shugabancin Anne Gordon. Cikinsu akwai Sharon Tredrea, wadda ake ƙirga ta cikin mata mafi saurin jifa a zamaninta. Shekarar ta zo da zafi da fari irin wanda Ingila ta daɗe ba ta gani ba, ciyawar filaye ta bushe, ƙasa ta yi tauri.

An shirya dogayen wasanni uku da wasannin wuni ɗaya uku. Dogayen biyu na farko, a Manchester da Birmingham, sun ƙare babu wanda ya ci. Na uku, a Oval cikin ƙarshen Yuli, ya kusa zama abin kunya ga masu masaukin baƙi, domin bayan kowa ya yi bugunsa na farko Ostareliya tana gaba da maki fiye da 200. Nasara ta riga ta kuɓuce wa Ingila, abin da ya rage shi ne ta riƙe wasan har lokaci ya ƙare. Heyhoe Flint ta shiga ta tsaya. Ta yi minti 521 tana bugu, wato sama da awa takwas da rabi, ta tara maki 179, aka tashi ba a ci Ingila ba. Wannan tsayuwa ce ta cika jaridu a daidai lokacin da ake jiran wasan Lord's.

Domin kuwa a wannan karon MCC ta amince, sai dai da sharaɗi. Ƙungiyar maza ta lardin Middlesex a Lord's take wasanninta na gida, kuma ranar 4 ga Agusta rana ce ta gasar kofin larduna. Aka ce wa mata idan Middlesex ta kai wannan mataki kuma tana buƙatar filin, to sai su nemi wani wuri. Aka fitar da Middlesex daga gasar tun kafin nan, filin ya zama babu mai shi a ranar, sannan aka tabbatar musu. Ke nan zakarun duniya sun shiga Lord's ne a ranar da maza ba su da buƙatarsa. Yana da kyau a tuna kuma cewa a 1975 majalisar Birtaniya ta kafa dokar hana wariyar jinsi. Dokar ba ta tilasta wa ƙungiyoyi masu zaman kansu irin MCC komai ba, amma ta sa ƙin amincewa ya zama abin da ake tambayar dalilinsa a fili.

Wasan wuni ɗaya na farko an yi shi a Canterbury ranar 1 ga Agusta, Ostareliya ta ci. Saboda haka Ingila ta shiga Lord's da nauyi biyu a kanta. In ta faɗi, jerin wasannin ya tafi. In kuma wasan ya zama na shirme, masu cewa mata ba su cancanci filin ba sun sami hujjar da za su riƙe shekara da shekaru.

An ba kowane ɓangare zubi 60. Ostareliya ta fara bugu, ta yi asarar manyan masu bugunta da wuri, sai Sharon Tredrea ta tsaya ta buga 54, ta ɗaga su zuwa 161 kafin a fitar da su duka. Ingila ta bi wannan adadi a natse. Enid Bakewell ta buga 50, Chris Watmough ta buga 50 ba a fitar da ita ba, suka kai 162 mutum biyu kaɗai aka fitar musu. Bayan kwana huɗu aka yi na uku a filin Trent Bridge na Nottingham, Ingila ta sake ci, ta ɗauki jerin da ci biyu da ɗaya.

Abin da ya biyo baya

Wanda ya tsaya a nan zai zaci an gama. Hausawa kuwa sun ce baƙo raɓa ne. Washegari Lord's ya koma yadda yake. Shekara 11 suka shuɗe kafin Ingila da Ostareliya su sake haɗuwa a filin, a 1987. Ita kanta Heyhoe Flint, a 1977 ƙungiyarta ta WCA ta sauke ta daga shugabancin tawaga, ba a kuma tafi da ita kofin duniya na 1978 a Indiya ba, abin da ya jawo rigima mai zafi a tsakanin matan. Ƙungiyoyin masu neman haƙƙi ma ba su tsira daga saɓanin cikin gida ba, kuma irin wannan saɓani yakan ci lokacin da ya kamata a kashe wajen tura ƙofa.

A 1991 Heyhoe Flint ta nemi zama memba a MCC. Membobi suka jefa ƙuri'a, suka ƙi. A ranar 1 ga Agusta 1993 matan Ingila suka ci kofin duniya a Lord's ɗin, suka doke Niyu Zilan da maki 67, amma babu ko ɗaya daga cikinsu da ta isa ta nemi katin memba a gidan da ta ɗaga kofi. A Fabrairu 1998 aka sake ƙuri'a, masu goyon baya suka fi yawa amma ba su kai kashi biyu cikin uku da tsarin ƙungiyar ya shar'anta ba. Shugaban MCC na lokacin, Colin Ingleby-Mackenzie, ya dage aka sake jefawa a Satumba na shekarar, sai aka sami kusan kashi 70 cikin ɗari. Ba sauyin zuciya kaɗai ya kawo haka ba. An hana ƙungiyar tallafin kuɗi daga asusun cacar ƙasa, kuma rufe ƙofa ga mata yana cikin dalilan. A Maris 1999 aka karɓi mata goma na farko a matsayin membobin girmamawa, Heyhoe Flint tana cikinsu.

A 1998 ɗin kuma WCA ta narke cikin hukumar kurket ta Ingila da Wales, bayan shekara 72 tana tafiyar da kanta. Wannan haɗewa ta kawo kuɗi da filaye da masu horarwa, har a 2014 aka ba 'yan wasa 18 kwantiragin aiki na cikakken lokaci. Ta kuma zo da hasara, domin wasan da mata ke shugabanta, suke alƙalanci, suke horarwa, ya koma ƙarƙashin hukumar da mafi yawan masu faɗa a ji a cikinta maza ne.

Heyhoe Flint ta mutu a Janairu 2017, bayan ta zama 'yar Majalisar Dattawan Birtaniya. Wata shida bayan mutuwarta, ranar 23 ga Yuli, Lord's ya cika maƙil domin wasan ƙarshe na kofin duniya na mata, Ingila ta doke Indiya da maki 9, Anya Shrubsole ta fitar da mutum shida. A 2021 Clare Connor ta zama mace ta farko da ta shugabanci MCC, a 2022 aka buɗe wata ƙofar filin da sunan Heyhoe Flint. Duk da haka, wani kwamitin bincike mai zaman kansa da ya fitar da rahotonsa a 2023 ya nuna cewa har zuwa lokacin matan Ingila ba su taɓa yin dogon wasa ko ɗaya a Lord's ba.

Wasan ya kuma yaɗu har ya iso kusa da mu. A 2018 hukumar kurket ta duniya ta ba wasannin gajeren zango na dukkan ƙasashen da ke cikinta matsayin wasan ƙasa da ƙasa, abin da ya shigar da matan Najeriya da Gana da Kamaru cikin lissafi. A Janairu 2025, a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 19 da aka yi a Maleshiya, 'yan matan Najeriya suka doke Niyu Zilan, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka buga kofin 1973, da maki biyu.

Abin lura

Hukuncin wasan mata da iyakokinsa magana ce ta malamai, kuma ba ita ta kawo mu ba. Abin da ke gabanmu shi ne yadda jama'ar da ba ta da fili ta sami wurin tsayawa.

Ranar da dama ta faɗo a 1976, ta faɗo ne saboda wata ƙungiyar maza ta yi rashin nasara, abin da ba ya hannun matan. Abin da ke hannunsu shi ne su kasance a shirye. Suna da ƙungiya mai shekara 50, da asusu, da alƙalan wasa, da littafin da ya ƙunshi sakamakon wasanninsu tun 1934, da kofin duniya a hannu. Da ba su da waɗannan, ko an buɗe musu filin babu abin da za su nuna a ciki. Mafi yawan wannan aiki matan da ba a san sunansu ba suka yi shi, masu karɓar kuɗin rajista da masu rubuta wasiƙa da masu ajiye takardu.

Sannan ba su ɗauki gayyata a matsayin haƙƙi ba. Mu da muke zaune a ƙasashen da ba mu ne masu rinjaye ba mun san wannan bambanci sarai. Akan kira mu ranar biki, mu zo da dawaki da kalangu da manyan riguna, a tafa mana, a ɗauki hoto. Wannan karamci ne, kuma ana gode wa mai karamci. Amma kujera a inda ake yanke shawarar filin makaranta da rumfar kasuwa da wurin maƙabarta wani abu ne daban, kuma ba a samunta sai da ƙungiya mai rajista, da asusun da ake bayyanawa, da takardun da magada za su tarar a ajiye, da haƙurin sake rubuta wasiƙa bayan an ƙi amsa ta farko. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, amma sai in yana iza wuta.

Allah Ya ba shugabanninmu basira, Ya haɗa kan jama'armu, Ya sa mu bar wa na baya abin da za su ɗora a kai.